Sabon Gida da Wutar Hunturu: Nasiha ga Samarin Ƙasar Gumel



Na san abin da ke ran yawancinku. Wanda ya sayar da riɗinsa ko zoɓonsa da daraja a bana, da wanda ya yi shekaru yana dillancin dabbobi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wanda ya dawo daga cin rani a kudu da ɗan abin da ya tara, duk lissafinku ɗaya ne: fili, bulo, kwano, sannan aure. Buri ne mai kyau, Allah Ya cika muku shi. Sai dai ginin gida shekaru kaɗan yake ɗauka, riƙonsa kuwa har ƙarshen rayuwa, kuma a wannan yanki namu babu abin da ke raba mutum da gidansa da sauri kamar wuta. Ruwan sama a hankali yake cin katanga. Gara takan yi shekaru tana aiki a cikin azara. Rigimar fili takan tsufa a kotu. Gobara kuwa tsakanin la'asar da magariba ta gama abin da ta zo yi.

Zan fara da ƙasar da za a yi ginin a kanta, in wuce ta da wuri. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Na cikin gari shi ke ba da takardar mallaka, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izini. Don haka takardar cinikin da kuka rubuta a zauren mai unguwa matakin farko ce kawai. Ka rubuta ta da shaidu, da sanin dagaci, a auna tsawo da faɗi, a rubuta wanda kuka yi iyaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa, sannan ka bi ta zuwa ofishin filaye. In filin gado ne, ka tambaya ba tare da jin nauyi ba: an raba? Kowa ya karɓi rabonsa, har da mata? Rigingimu da yawa daga babban wan da ya sayar da abin da ƙannensa mata ke da haƙƙi a ciki suke farawa, kuma mai saye ne ke kwana a ciki. Kada ka sayi fili a kan burtali komai arharsa. Kada kuma ka biya kuɗin filin da a watan Maris kaɗai ka gan shi, domin da rani kowane fili kyakkyawa ne. Je ka dube shi a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya. Daminar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, kuma ko a ƙasar rairayi irin tamu akwai kwari.

To, mu zo kan wuta.

Ruwa yakan ɗauke mana a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kafin Nuwamba ta yi nisa ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, busasshiya, ba ɗigon laima a cikinta. A daidai wannan lokacin ne muke kwaso duk wani abu busasshe mu shigo da shi gida: damman gero, karan dawa, harawar wake da ta gyaɗa da za a ajiye wa ragon kiwo ko a jira ta yi tsada da bazara, sabuwar zana, ciyawar jinka. A wannan lokacin ne kuma sanyi ke sa a shigar da wuta ɗakin kwana. Busasshen kaya ya cika gida, ga iska, ga garwashi a kowane lungu. Duk shekara haka abubuwan nan uku ke haɗuwa daga Nuwamba zuwa Maris, amma duk shekara in gobara ta tashi sai mu yi kamar ba mu san da zuwanta ba. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun ta. Sakaci kuma sunansa sakaci, kuma addininmu bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Wutar daji a wajenmu ba ta kama da wadda kuke gani a talabijin tana cin dogayen itatuwa a Amurka. Tamu ta ciyawa ce, gajeriya, mai gudu. Kuma kusan kullum hannun mutum ne ke tayar da ita: yaran da suka cusa wuta a ramin gafiya, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wutarsa, manomin da ya cinna wa sassabe wuta da rana tsaka ya tafi gida cin abinci, matafiyin da ya dafa shayi a gindin aduwa ya tashi bai binne tokar ba, guntun sigarin da aka wurgo daga mota. Wasu na cewa ai ciyawa ce kawai ta ƙone. Wannan ciyawar ita ce abincin shanu da tumaki har zuwa faɗuwar ruwa, kuma makiyayin da makiyayarsa ta zama toka dole ya matso kusa da gonaki da tarin harawar mutane, daga nan sai rigima. Wutar tana kashe 'yan ƙananan gawo da magarya da suka fara tasowa, tana lasar layukan darbejiyar da aka sha wahalar dasawa don tare hamada, ta bar ƙasa tsirara iska ta kwashe. Mu da muke bakin iyaka mun san yadda rairayi ke binne shuka. Maƙwabtanmu na Nijar, a jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, sun daɗe da ɗaukar abin da muhimmanci: bayan damina akan ɗebi mutane su share dogayen layuka a cikin makiyaya, a kankare ciyawar har ƙasa, don in wuta ta taso ta iso wurin ta rasa abin ci ta tsaya.

Wannan dabarar ita ce zuciyar abin da nake son faɗa muku. Wuta ba ta tafiya sai a kan abin da za ta ci. Ka tsaya a bayan gidanka da yamma ka bi hanyar da ido: ciyawar bayan gari ta haɗe da juji, juji ya haɗe da darni, an jingina karan dawa a jikin darnin, kusa da karan ga tarin harawa, harawar na taɓa rumbu, rumbun kuma inuwarsa na kan jinkar ɗakin da 'ya'yanka ke kwana. Daga daji har gadonka babu inda hanyar ta yanke, kuma kai ka shimfiɗa ta da hannunka. Aikinka shi ne ka yanke ta a wurare da yawa.

A watan Janairu na 2025 wutar daji ta shiga unguwannin birnin Los Angeles a Amurka ta cinye gine-gine sama da 16,000, a ƙasar da ke da motocin kwana-kwana da jiragen sama masu zuba ruwa. Abin da masana wuta na can suka daɗe suna nanatawa shi ne, gidaje da yawa tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne ke kama su tun kafin harshen wutar ya iso, in ya faɗa kan busasshen ganye ko shingen katako da ke manne da gini. Shawararsu ga masu gida ita ce a raba jikin gini da duk abin da ke ci da wuta. In mai jirgin sama ya koma ga tsintsiya da fartanya, mu da motar kwana-kwana za ta yi tafiya mai nisa a kan rairayi kafin ta iso ƙauyenmu mun fi kowa buƙatar su.

Saboda haka, da an gama girbi, ka kankare ciyawa a kewayen gidanka, taku goma ko fiye in fili ya ba ka dama, ka fi ba da ƙarfi a gefen arewa da gabas inda iska ke fitowa. Tarin kara da harawa ka kai su gefen kudu maso yamma, nesa da ɗaki, yadda ko sun kama iska za ta tura wutar gaba, ba cikin gida ba. Na san dalilin da ya sa ake kawo harawa kusa, tsoron ɓarawo ne da dabbobin sake, kuma dalili ne na gaske. Amma ɓarawo dami biyu zai ɗauka. In kana da rumbu fiye da ɗaya, kada ka jera su kafaɗa da kafaɗa, ka raba abincin shekara gida biyu. Tokar murhu kuma a yayyafa mata ruwa kafin a kai juji, domin garwashi yakan kwana da rai a cikin toka, iskar asuba ta tone shi.

Ga wanda ke gini da kaɗan-kaɗan, ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abin da ya kamata ya fara. Mu samari mukan zuba kuɗi a zaure da ƙofar ƙarfe mai fenti, abin da mai wucewa zai gani, a bar madafa da zana. Ka juya lissafin. Wurin da ake hura wuta sau uku a rana shi ya fi cancantar katangar ƙasa da rufin kwano, ko da zauren zai jira baɗi. In babu hali, a yaɓe zanar da ke kusa da murhu da laka, a kuma sa murhun inda iska ba ta bugunsa kai tsaye. Wanda yake ganin ɗakin ciyawa na ba da lokacin gudu, ya tuna da Maraɗi. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a wata makarantar firamare a can, yara aƙalla 25 suka rasu, da rana, malamai na kusa. A watan Afrilun shekarar an yi irin wannan a Yamai, yara 20 suka tafi. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya shafi makarantun allo da na Islamiyya da ke unguwanninmu, inda almajirai ke kwana a rumfar zana kusa da wutar karatu.

Wanda ya yi ginin bulo da kwano kada ya ce shi ya tsira. Tasa wutar daga ciki take fitowa. Silin da katakon rufi da katifar soso da labule suna ci fiye da yadda ake zato, hayaƙin soso kuma yakan kashe mutum kafin wuta ta taɓa shi. Kada ka yi arha a wayar lantarki. Siririyar waya da aka ɗora wa firji da dutsen guga da hita tana zafi a cikin silin inda ba mai gani. Ka nemo mai aikin da ya san aikinsa, ka sa abin yanke wuta a inda hannu ke kaiwa, ka nuna wa matarka da babban ɗanka yadda ake kashe shi. Sannan ga halin da kowa ya sani: an jona hita a bokitin roba, aka ɗauke wuta, aka manta, aka kwanta, aka dawo da ita cikin dare. In an ɗauke wuta, a zare komai daga soket a lokacin. Masu sola su ma su kula, batir ba a ajiye shi a ƙarƙashin gado ko cikin tarin kaya, wuri mai iska yake so.

Ƙanwata amarya, ke ma da ke nake. Kaskon turaren wuta da ake turawa ƙarƙashin kaya ko kusa da labule a fita tsakar gida, da maganin sauro na kunnawa da ake ajiyewa a gefen katifa, da kyandir da ake mannawa a kan akwati, duk sun ƙona ɗakunan da iyaye suka yi shekaru suna tara kayansu. In da gas kike girki, ki rufe kan tukunyar duk lokacin da kika gama, ki riƙa duba robar. In kika ji warinsa kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki buɗe ƙofa da taga ki fitar da yara. Kaskon jin ɗumi kuwa haɗarinsa biyu ne. Bayan zanin da kan faɗa ciki, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya wuce. A ɗumama ɗakin mai jego da na tsohuwa, sannan a fitar da kaskon kafin a kwanta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa da dare a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci. Mai gida ya mayar da wannan aikinsa na kowane dare: bayan ya rufe ƙofar zaure, ya zaga madafa da ɗakuna.

Akwai maganar da ta fi shafar mu mutanen bakin iyaka, ita ce fetur. Tun da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a ƙarshen 2019, sannan aka cire tallafi a watan Mayun 2023, jarka ta zama jari a hannun samari da yawa. Ba zan zagi sana'ar da mutum ke ciyar da iyayensa da ita ba. Amma ina roƙonka da girman Allah, kada jarkar mai ta kwana a ɗakin da mutane ke kwana, ko a zauren da shi kaɗai ne mafita. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi har inda murhu yake, wutar ta biyo shi ta dawo kan jarkar. Ba sai an kai ashana kusa ba. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a daren 15 ga Oktoba 2024 bai kamata ya fita daga ranmu ba. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, ta kama da wuta. Sama da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin ya ci gaba da ƙaruwa a asibitoci, kuma da yawansu samari ne sa'o'inku. In ka ga mai ya zube, ka yi nesa, ka kuma janye ƙanenka ko da zai ji haushinka.

In duk da haka ta kama, rai ne farko. Ka yi ihu, kada kunya ta sa ka tsaya kokawa da ita kai kaɗai har ta fi ƙarfinka. A fitar da mutane a ƙirga su, domin ƙaramin yaro in ya tsorata ƙarƙashin gado yake shiga ko bayan ƙofa. Wanda ya fito kada ya koma don akwati. Wannan ne ya sa nake jin tsoron gidajen da aka yi wa ƙarfe a kowace taga, ƙofa ɗaya, kwaɗo a kulle, makulli a aljihun mai gida da ya tafi hira. Ka bar wa iyalinka mafita ta biyu, makulli kuma ya kasance a inda kowa ya sani. Ka ajiye wuƙa kusa da turke, don dabbar da ke ɗaure ba ta da yadda za ta yi, kuma igiya ba ta kwantuwa a hannun da ke rawa.

Ruwa yana da wuya a garuruwanmu da yawa, rijiyoyinmu na da zurfi, amma Allah Ya hore mana rairayi. Duro ɗaya cike da ruwa da bokitai biyu na ƙasa a tsakar gida, daga Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa, sun fi motar da za ta iso bayan awa guda. Wutar fetur da ta man girki ba a zuba musu ruwa, fantsama suke yi. A rufe tukunyar da murfi, a zuba wa fetur ƙasa. Ta lantarki a yanke wutar tukuna. In darni ya kama, masu ƙarfi su riga wutar zuwa gaba su tuge zanar da ba ta kama ba su kwantar, ko da ta maƙwabci ce, a yi bayani daga baya. A daji kuma ba a tarar wuta ta gaba inda iska ke turo ta. Ta gefe ake bin ta da ɗanyen reshen darbejiya da shebur, ana tsayawa ta wajen da ya riga ya ƙone. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ƙwai da manja da toka da man goge baki da ake shafawa ƙara wa likita aiki suke yi, su kuma jawo ruɓewa.

Duk wannan mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, domin ko ka share naka, darninka na haɗe da na maƙwabci. A nan ne nake ganin ƙungiyoyinku na samari za su yi abin da ya fi gasar ƙwallo amfani. Ku je wa mai unguwa da shawara a sa rana ɗaya bayan girbi a yi gayyar share bayan gari. Ku roƙi liman ya yi magana a kai ranar Juma'a. A yi yarjejeniya cewa mai ƙona sassabe zai jira iska ta kwanta da yamma, ya kewaye gonar da shara, ya sanar da maƙwabtan gona, kuma ba zai tafi ba sai ta mutu. A ja wa yara masu farauta kunne. Kowa ya sa lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa a wayarsa, a kuma bar lungu da faɗin da mota za ta iya shiga, maimakon kowa ya ci taku ɗaya daga hanya lokacin da yake kafa harsashi.

Takardunka kuma, na fili da na makaranta da na haihuwar yara, ka ɗauki hotonsu a waya, ka yi kwafi ka ajiye a gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa. Kuɗin riɗi kada su kwana a cikin katifa. In gobara ta sami wani a cikinku, a sanar da mai unguwa da dagaci da wuri, don ta hanyarsu rahoto ke isa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Kafin wannan ya zo, ku ne agajin: kwanon gero, tabarma, bargo, ɗakin da matansa da yara za su kwana. Ranar da kuka taru taya shi sake gini, za ku ga yana nuna muku a mayar da rumbu inda yake da, a kafa darni a kan tsohon layinsa, domin hankalinsa na kan ya ga gidansa ya dawo yadda ya san shi. Ku lallashe shi a matsar da rumbun, a yi wa madafar katangar ƙasa, ko da ku ne za ku kwaɓa lakar.